Katin Inna Na Kahu Ne

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maryam da yara. Ya Ikko, ya aiki? Mu nan Rano sai godiya.

Ka san ni, shagona da hannuna na kafa shi, gidana ma ba wanda ya ba ni ko bulo ɗaya. Da na ɗauko Inna daga Kahu, ka ce in je a maido mata katin zaɓe Rano, na ce ba sai an koya mini ba. Ban je ba. Na ɗauka ko'ina katin zai yi.

Ranar zaɓe na kai ta rumfar unguwarmu, ta sha layi da ciwon gwiwarta, aka duba babu sunanta. Aka ce sai Kahu, ga shi an hana motoci fita. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Sani, wa ya san ko zan ga na gaba?"

Na ji dangi suna zagin ma'aikatan zaɓe. Ka gaya musu laifina ne, ka ambaci sunana.

Ka sa ni a addu'a. A gaida kowa.

Ƙaninka,
Sani