Sunan Norman a Kan Faifai

Ni Wilf Garbutt, da hankalina nake wannan rubutu, ko da yake mutumin da ya hau tsani da silifa yana ɗan shekara tamanin da ɗaya, ba kowa zai ba shi wannan shaidar ba. Tsofaffin faya-fayan waƙoƙinmu na je saukowa da su daga cikin silin. Su sun sauko lafiya, ni na sauko da karyayyen ƙugu, likita kuma ya ce zuciyata ba za ta ɗauki tiyata ba. Lorraine, Clive, 'ya'yana, ku natsu.

Na ɗaya. Gidan nan na Hull ku raba daidai. Jitata ta Lorraine ce. Clive, kai ko tafi ba ka iya yi daidai da kiɗa ba, ɗauki motar.

Na biyu. Ku bar gaba a kan kofunan shayin uwarku. Babu wanda ya ɗauke su a cikinku, ni na fasa su.

Na uku, shi ya hana ni sakat. Ran ashirin ga wata kamfani zai buga faifan da ya tattara waƙoƙinmu goma sha ɗaya, duk abin da mu huɗu, 'yan ƙungiyar kiɗanmu, muka yi daga 1964 zuwa 1966. A ƙarƙashin kowace waƙa akan sa sunan wanda ya ƙirƙire ta. Ɗaya tak aka taɓa sa mana a rediyo, sunana ne a ƙarƙashinta, kuma ba tawa ba ce. Norman Tuplin, mai buga mana ganga, shi ya yi ta a bayan motar kifi. Ni aka tura Landan don ni kaɗai ke da kwat. Masu buga faifai suka tambayi wanda ya yi ta, na ce ni ne. Da Norman ya ga faifan sai ya ce, "Ashe ka iya rubutu, Wilf?" Ya ajiye sandunansa, ya koma dakon kifi, bai ƙara ce mini uffan ba.

Sau uku ina kiran kamfanin su sa sunansa a maimakon nawa, sun ce sai da takarda mai sa hannu. Tana ƙarƙashin matashin kaina. Kada ku bi ta gidan waya, ku kai musu da ƙafarku. Roƙonku nake yi, 'ya'yana.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku. Ku riƙa cin abincin Lahadi tare, ko da harara ce miyar.

Norman yana gidan kula da tsofaffi a Withernsea. 'Yarsa ta ce da safe kawai yake gane mutane. Ku kai ni in ba shi haƙuri, ko a keken guragu ne. In ban kai ba, ku kai masa faifan, ku sa masa tabarau, ku nuna masa sunansa da yatsa. Haƙurin kuwa, ban san wa zai ba shi ba.