Dalilin da Ban Waiwaye Ki Ba

Zuwa ga Ma'u, hasken idona, ruwan randa a tsakar ranar bazara, tsamiyar da na sha inuwarta shekara arba'in da uku. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin takarda, ke da ƙanwarki Larai da ta ba ki masauki.

Kin san ban taɓa riƙe alƙalami ba. Baki nawa ne, hannu na Malam Bartholomew ne, mutumin Zariya, likitan gashin ƙashi da yake zuwa yi mini tausar wuya a nan gidan ɗanmu Garba. Na sa ya yi mini alkawari ba zai gyara mini ko kalma ɗaya ba.

Ya furen zuciyata, ranar Juma'ar nan kin zo. Kin baro unguwar Gama, kin tsaya a rana kina jiran A Daidaita Sahu tunda an hana mata hawa acaɓa, kin shigo falo kin yi sallama ta bayana. Na amsa, ban juyo ba. Na ji ƙamshin turarenki, na ji kin ajiye kwano, sannan na ji takunki yana nisa. Kin ɗauka har yanzu fushi nake, ko? Wallahi, Ma'u, wuyan ne ya ƙi! Tun ranar da motar 'yan kamfen ta daki tasin da nake ciki ta baya, kaina ya yi gaba ya dawo kamar reshen da iska ta fizga, ba ni da dama ba ni da hagu. Akwai wani abin soso mai tauri da suka ɗaura mini a wuya. Da aka ce ga ki a bakin get, sai na cire shi na tura ƙarƙashin kujera, na naɗa rawani, don kada ki gan ni kamar ragon da aka ɗaure. Da kin gan shi, ai da kin gane. Sunanki kuma kunya ta hana ni kira, surukarmu matar Garba na zaune. Wane irin tsoho ne wannan, da zai ɓoye ciwonsa ya bar masoyiyarsa ta tafi da ciwo?

Kin tuna shekarar da nake aikin lambu a unguwar nan, kafin a yi waɗannan katangu masu waya a kai? Kike kawo mini fura a ƙafa, mu zauna gindin mangwaron da na dasa, ranar nan ƙudan zuma ya bi ki, kika jefar da ludayi kika ruga kina dariya. Mangwaron yana nan, gida na uku daga inda nake. Na san kowace bishiya a layin nan da shekarar da ta shiga ƙasa, amma yau ina zaune kamar tsuntsu a keji, bango ɗaya nake kallo tun safe. An hana ni shiga mota, an hana ni sujada sai da ishara.

Likitan nan kan kwantar da ni, ya ɗora tawul mai ɗumi, ya bi jijiyoyin da babban yatsa kamar mai cuɗa ƙullu. Ya tallabe kaina a tafinsa ya karkata shi a hankali, in na ce wash ya tsaya. Da farko na ƙi shi, na ce a kira mini maɗori. Ya ce ba karaya ba ce, nama ne ya firgita ya ƙanƙame, lallashi yake so. Yanzu duk abin da ya ce ina yi, har da jan haɓa ciki sau goma. Ya ce nan da wata biyu zan juya.

Wata biyu, ya tauraruwata! Iddarki saura kwana tara. Tun ranar da na furta miki saki ɗaya saboda kin sa an rufe rijiyar tsakar gida don jikoki, nake ƙirga kwanakin nan da carbi. Rijiyar mahaifina ce, shi ya sa idona ya rufe. Yaya zan jira wuya ya warke, igiyar aurenmu tana tsinkewa zare-zare?

To ki ji. Na mayar da ke, Ma'u. Gobe bayan azahar zan maimaita a gaban liman da shaidu biyu. Malamai sun ce faɗata kaɗai ta isa, amma ni ba ta ishe ni ba, sai kin dawo da ƙafarki da zuciyarki. Akwai kuma maganar da ban taɓa faɗa wa mahaluki ba, ko alƙali, ko uban gidana na da. Likita ya ɗaga alƙalami yana kallona, na ce masa ya rubuta. Ke ce da gaskiya. Ni ne da laifi.

Naki, yau da gobe, har ranar da za a kwantar da ni ina fuskantar gabas,

Mamuda
Nassarawa GRA, Kano