Ka Shirya Katako, Ba Ka Shirya Ni Ba

Maigidana, hasken idona, inuwar da na saba zama a ƙarƙashinta, ruwan randar da na sha har na manta akwai ƙishirwa a duniya,

Ba ranar da aka fita da kai na gane abin da ya same ni ba. Ranar zaune kawai nake, ana shiga ana fita. Sai da ƙafa ta ɗauke, ƙaninka ya zo ya ce in raka shi a buɗe shago, masu kaya sun fara tambaya. Yana ɗaga ƙofar na ga fari fat har bango. Gadaje, kujeru, har 'yar kantar telan nan da ka daɗe kana ja wa rai, kowanne ya sha gugar samfefa ya yi sumul, ya sha fentin farko. Waɗanda za a yi wa banish ka shafe su da sila, nasu shafin farkon. Duk ka jera su a kan tubali don kada danshi ya taɓa ƙafafunsu. Ko ɗaya ba ka yi wa shafin ƙarshe ba.

Karatuna bai yi nisa ba, amma ni matar kafinta ce. Na san ba haka kake aiki ba. Kai da ba ka taɓa wani aikin sai wanda ke gabanka ya fita da ƙyallinsa? Kai da kake cewa fentin farko in ya daɗe a buɗe ƙura yake sha? Mutum ba ya bin kayan shagonsa kaf ya rufe musu jiki, sai in ya san za su daɗe suna jiransa.

Ƙaninka, bawan Allah, bai san wuƙa yake riƙe da ita ba. Ya dinga zagayawa yana dafa su. "Matar Yaya, kwantar da hankalinki, duk ya gaya mini. Wannan fentin mai ne, teburin can kuwa banish mai hana ruwa, wai 'ya'yan gidan ba sa jin magana." Na ce yaushe ya gaya maka? Ya ce ai tun ranar da ya raka ka wurin likita. Sai ya kalli fuskata, ya gane ban sani ba. Wace rana ce wannan, masoyina? Ni dai na san wata rana da kuka fita tare, ka ce mini katako za ku je dubawa.

Ka tuna farkon aurenmu, da na kawo maka abinci shago na same ka kana shafa wa wani akwati wannan farin abin marar kyau? Na ce wannan ne aikin da ake ta yabo, kamar an kwaɓa toka? Ka yi dariya, ka kama hannuna, ka ɗiga ruwa a kan ɗanyen katako, muka ga ya shanye shi nan take. Ka ce katako ƙishirwa gare shi, jikinsa duk ƙananan bakuna ne. Shafin farko shi yake shiga ya toshe su, ya riƙe abin da za a ɗora a kai, kuma ba mai yaba masa don ba a ganinsa. Na ƙarshe riga ce, shi ke tarar rana da ruwa da hannun yara. In aka yi gaggawa aka ɗora shi a kan ɗanyen katako, zai yi sheƙi na ɗan lokaci, sannan ya fara saɓa kamar maciji. Har ka ce, "Ke da kike shafa hoda a kan gumi ai kin fi ni sani." Na jefe ka da tsumman goge burushi. Yaya zuciyata ta yi ranar! Kamar ƙasar da ta sha ruwan farko, har ƙamshi take.

To, yaya aka yi ka yi mini aikin da ba za ka yi wa baƙo ba? Sheƙi ka yi ta shafa mini. In tari ya kama ka, ka ce mura ce. Ƙurar zarto ce. Warin tinar sirka fenti ne, in na sha iska zai wuce. Ka yi murmushi, ni kuma in tashi in haɗa maka zuma da lemun tsami, ina jin kaina mace mai kula da miji. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ce mai ɗakin, amma ƙaninka ya sani, likita ya sani, har katako ya sani, ni ina ta shara ina waƙa. Ka zama mini inuwar giginya. Teburin mutanen da ba su san sunan 'ya'yanka ba ka yi masa tanadin damina, matarka kuwa ka bar ta ɗanya.

Mutane suna ce mini wai tausayina ka ji. Wane irin tausayi ne wannan? Da ka faɗa mini, da na yi kukana a ƙirjinka kana shafa kaina, ba a jikin bango ba. Da na tambaye ka abubuwan da yanzu ba wanda zan tambaya. Da na hana yara yawo na zaunar da su su ƙoshi da kallonka. Ka ɗauki kwanakin da namu ne mu biyu ka cinye su kai kaɗai. Yanzu ga ni, duk inda aka taɓa ni ɓarewa nake. Jiya autarmu ta yi tari a tsakar gida, kwano ya suɓuce daga hannuna.

A can ƙuryar shagon, ƙarƙashin wani tsohon zane, muka sami kabad ɗin kicin da na gaji da roƙonka. Ka saukar da katakon saman don ka san ni gajera ce, kai da kake cewa sai na hau kujera nake gaisawa da tukunya. Ƙaninka ya ce wannan kaɗai ba ka faɗi abin da za a shafa masa ba, ka ce ni zan zaɓi launi. Na sa aka kawo shi gida. Ƙanin naka ya zo ya sake zuwa, yana cewa hadari ya fara haɗuwa, farin ya fara zama gari a hannu, in aka ƙara jinkiri sai an kankare an sake sabon aiki. Gaskiya ya faɗa. Amma in aka shafa, sawun burushinka ne zai ɓace. In aka kankare ma haka. Ko a nan ba ka bar mini mafita ba.

Kada ka ɗauka son ne ya ragu, rabin raina. Da ya ragu da na huta. Ina son ka kamar yadda saiwa take son ƙasa, ba ta san wani wurin zama ba. Ba namijin da zai zauna inda ka zauna, ba hannun da zai riƙe nawa, har ranar da za a kai ni inda aka kai ka. Kullum ina yi maka addu'a, kuma da gaske nake yi. Mahaifiyarka ta riƙe hannuna ta ce in yafe maka duk abin da ke tsakaninmu, na gyaɗa mata kai don tsohuwa ce, kuma ita ma ba ka gaya mata ba.

Taka ce ni, yau da gobe. Launin dai ban zaɓa ba, kuma ban yafe maka ba tukuna.