Ƙusoshin da na sauya a jirgin Yayana

Assalamu alaikum Malam, da masu karanta wannan fili. Don Allah ku sakaya sunana, kuma kada ku yi saurin tsine mini, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mai zubin tukwanen alminiyam ne a Tudun Wada. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, mai walda ne, shekara bakwai yana haɗa ƙaramin jirgin sama da injin tsohuwar mota Bitil. Sau uku muna tura shi wani fili a hanyar Burumburum, ya yi ta gudu a ƙasa yana gurnani, tashi dai babu. Har Fulanin da ke kiwo a wurin suka sa masa suna Amalanke. Ranar ta ukun na ga Yaya ya juya baya yana share ido da hularsa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ya ce nauyi ne ya yi yawa. Muka ɗora komai a sikelin masu awon hatsi, ya cire kujera ya sa ta kaba, ya rage tanki. Sai ya ce, "Ka taya ni rage duk abin da zai ragu, amma ƙusoshin nan masu noti da suka riƙe fikafikai, kada ka kuskura ka taɓa su." Na ce, "To, Yaya." Da ya tafi ta'aziyya Kiru kwana biyu, sai wayon banza ya kama ni. Na ce alminiyam ɗin da yake jure wutar murhu, iska ce za ta gagare shi? Na zuba ƙusoshi goma sha biyu na alminiyam irin nasa sak, don ba su kai na ƙarfe nauyi ba, na kai aka yi musu zaren ɗaura noti, na shafe su da baƙin mai, na ɗaura. Na ƙarfen na zuba su a gwangwani na ɓoye a bayan rumbu.

Satin jiya jirgin ya ɗaga, ya kai tsayin mutum kafin ya dire. Yaya ya faɗi ya yi sujada, mutane suna ta kabbara. Ni kuwa da na leƙa ƙarƙashin fiffiken dama, sai na ga kan ƙusa ɗaya ya tsage. Inna lillahi! Tashi ɗaya fa, tsayin mutum kacal! To idan ya haura saman kuka fa?

Na so in mayar da nasa a ɓoye, amma ya rufe mahaɗar da falanki, ya kulle rumfar da jirgin yake ciki, makullin yana wuyansa. Ranar Asabar zai tashi, ya ce sai ya zagaya garin. Inna har ta soya gyaɗar sadaka. Idan na faɗa, ya san na ci amanarsa, kuma wa ya sani ko da na ƙarfen jirgin zai sake ɗagawa? Idan na yi shiru, da wane ido zan kalli 'ya'yansa huɗu?

Jiya na je da niyyar faɗa, na durƙusa na ce, "Yaya, akwai magana." Sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Bari in riga ka. Duk garin nan kai kaɗai ne ba ka taɓa yi mini dariya ba. Shi ya sa ko binciken aikinka ba na yi." Sai kawai na ce masa Allah ya kai mu.

Saura kwana uku. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?