Gwaggona Ta Juye Bincikena a Masai

Hajiya Balkisa, don Allah ki taimake ni kafin baƙin ciki ya kashe ni. Ni ɗiyar Damagaram ce, ina karatun halittun teku a Lyon, ina zaune wurin gwaggona Rékia a Rillieux-la-Pape, a gefen birnin. A watan Maris na je gaɓar teku a yankin Bretagne. Idan teku ta janye takan bar ƙananan kududdufai cikin duwatsu, a nan nake aikina. Kwana tara ina durƙushe cikin sanyi, yatsuna duk sun tsattsage, ina tsintar ƙananan ƙaguwa da dodon koɗi da wasu masu hannu biyar da ko sunansu ban taɓa ji a gida ba. Na zuba su cikin kwalba arba'in da biyu, kowace da lamba da kwanan wata. Da na dawo na tarar an rufe labo, wato ɗakin bincikenmu, don hutu, sai na tura su ƙarƙashin gadona.

Gwaggo ta shiga shara ta gan su. Wai sammu aka yi wa gidanta! Ga waya a hannunta, ba ta kira ni ba. Ta juye su duka a masai tana karanta Falaƙi da Nasi, ta turare ɗakin. A watan Yuni zan kare bincikena gaban malamai, kuma teku ba za ta sake janyewa haka ba sai Satumba. Abin da ya fi ƙona mini rai, da na ɗaga murya sai ta buga waya Damagaram, yanzu mahaifina ya ce ni zan ba ta haƙuri. Ni! Wallahi mako biyu ke nan ban ci tuwonta ba.

Mai takaici, daga Lyon

Ɗiyata, an cuce ki, ban ɓoye miki ba. Ya kamata ta tambaya kafin ta zubar. Amma ke ma, dattijuwar da ba ta taɓa ganin teku ba ta tarar da matattun ƙwari a kwalabe, da rubutu, a ɓoye ƙarƙashin gado, me kike so ta zata? Sau nawa kika zauna kika gaya mata abin da kike karantawa?

Gobe ki je wurin malamin da ke duba aikinki da duk hotunan da kika ɗauka da littafin da kika rubuta lissafin halittun, idan akwai. Ki faɗi gaskiya, ki nemi a ɗaga miki zuwa bayan Satumba. Ki ba gwaggo haƙuri kan ɗaga murya kawai, sauran kuma ki gaya mata cikin ladabi cewa wahalarki ta shekara ce ta zubar. Ina jin har yau a zatonta ranki ta ceta, shi ya sa take jiran godiya.

Allah ya huci zuciyarki, ya ba ki sa'a.