Gwangwanin Maɓallai

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya ciwon gwiwar?

An ɗaga aikin zuciyar baban yara da wata guda. Likita ya duba tafin hannunsa da cikin idonsa, aka gwada, aka ce jininsa ya yi ƙasa, shiga ɗakin tiyata a haka kasada ce. Ni kuwa wata nawa ina ganin farin tafin nan ina cewa allin ɗinki ne, har faɗa nake masa kan wanke hannu. An ba shi jajayen ƙwayoyin ƙarin jini, ɗaya kullum. Kin san telan naki da taurin kai, wai sai ya je shago zai sha. Kowace safiya ni nake saka masa a aljihu.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki. Na gode da addu'a.

Zuciyar ba ta ƙara jira ba, dole aka yi aikin ko da yake jinin bai hau ba. An ƙara masa jini leda uku. Yau kwana tara, ɗinkin ƙirjin ya ƙi kamewa, ƙodarsa ma ta gaji. Jiya da ƙyar ya leƙa ɗinkin, ya ce da yaron shagonsa ne ya yi shi da ya sa an warware. Na yi dariya, na fita baranda na yi kuka. Ina jin tsoro, Yaya.

Auta

Yaya,

Ya ƙarin haƙurinmu? Ina fatan kun isa gida lafiya.

Jiya na je kwashe shagonsa. A gwangwanin maɓallai, ɓangaren jajaye, na tarar da ƙwayoyin nan, ashirin da shida. Ko a ɓoyo bai haɗa launi da launi ba. Mai gyaran keken ɗinki na maƙwabta ya ce marigayin ya taɓa gaya masa suna murɗa masa ciki, bayan gidansa ya koma baƙi, kunya ta hana shi faɗa mini. Likita ya ce ba a iya cewa tabbas da sun cece shi, amma da an sani da an ba shi maganin ta jijiya.

Na san kwana ne ya ƙare. Abin da ke ci na shi ne, kullum da yamma ina laluba aljihunsa, in na ji ba komai sai in yi murna.

Taki,
Auta