Dutsen da Nake Wanki a Kai

Salonika, 9 ga Mayu, 1996

Mamata,

Gaisuwa mai yawa. Ya ciwon gwiwa? Ya Baba da awakinsa? Ni da mijina Tanasis lafiya lau, sai dai har yanzu ɓata nake a garin nan.

Mama, wani abu ya dame ni. A tsakar gidan surukata akwai farin dutse mai faɗi da nake wanki a kai. Shekaranjiya wata tsohuwa ta shigo, Eleni tela, duk unguwa an san ta. Ta ce yanzu a kira ta Falomba, sunan da uwarta ta raɗa mata. Ashe Bayahudiya ce. Lokacin yaƙi Jamusawa sun kwashe su a jirgin ƙasa zuwa sansanin kisa tana 'yar shekara sha bakwai, a gidansu ita kaɗai ta dawo. Shekara hamsin tana sa riga mai dogon hannu don ɓoye lambar da suka zana mata a hannu a can. Da mijinta ya rasu ta ajiye keken ɗinki, ta koyi karatun Yahudawa tana da shekara saba'in, yanzu gida-gida take bi. Wai lokacin yaƙi an rushe maƙabartarsu, mutane suka ɗebi duwatsun. Na kabarin uwarta take nema, ta roƙa a juya namu ta ga ko da rubutu a ƙasansa.

Surukata ta ce, "Eleni, tsufa ne ya taɓa ki?" Ita kuma ta ce, "Evdokiya, ni na ɗinka rigar aurenki, na saki ƙugun saboda cikinki, ban gaya wa kowa ba. Juya dutse kawai na roƙa." Surukata ta kore ta.

In na juya shi, zaman gidan nan zai gagare ni. In ban juya ba, a kan wa nake wanki?

'Yarki,
Stamatiya

Salonika, 28 ga Mayu

Mamata,

Da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Kada ki yi fushi, na juya shi. Ranar Lahadi da surukata ta tafi coci na kira Falomba, na sa sandar ƙarfen Tanasis na ɗaga shi. Akwai rubutu. Ta durƙusa tana bi da yatsa a hankali kamar 'yar makaranta. Ba uwarta ba ce. Wata yarinya ce, Estireya, shekara shida. Ta ce dutse na arba'in da ɗaya ke nan da ta juya. Ta wanke shi da sabuluna, ta faɗi sunan da ƙarfi, ta ɗora tsakuwa a kai, haka suke yi.

Kwana tara surukata ba ta amsa gaisuwata ba. Jiya da safe na fito, sai ga fitilar mai a kan dutsen, irin wadda muke kunna wa mamatanmu. Ba ni na sa ba, fitilar surukata ce. Na tambayi Falomba ko a ɗauke, tunda ba al'adarsu ba ce. Ta ce, "Bar ta, 'yata. Shekara hamsin fuskar yarinyar nan na ƙasa."

A gaida Baba.

'Yarki,
Stamatiya